Kasalar da Ba Lalaci Ba: Ciwon Damuwa da Ɓoyayyen Kumburi

   Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai kitso ta ci gaba da kitsonta, kunne kawai zan ara.

Maganarmu ta yau a kan ciwon damuwa ce, amma ta wata ƙofa da ba a cika shiga ta nan ba, wato alaƙarsa da abin da ke gudana a cikin jini.

A gidajenmu da yawa za ki tarar da mace wadda da can ita ce farkon tashi. Kafin gari ya waye ta hura wuta, ta share tsakar gida, ta dama koko. Yanzu kuwa sai hantsi ya dubi ludayi tana kwance. Wanke-wanke ya kwana, ɗinkin hular da take samun na sabulu da shi ta tura ƙarƙashin gado, abinci sai an matsa mata take taɓawa. Uwar miji ta ce son jiki ne. Abokiyar zama ta ce ganin dama ne. Maigida ya ce ta canja masa. Wasu kuma su ce jifa ne ko iska. Ita kanta tun tana musu har ta fara yarda cewa lallai malalaciya ce. To 'yar uwa, in ke ce wannan, ko kina da irinta a gida, ki gyara zama.

Da farko, mene ne ciwon damuwa? Ba ɓacin ran yini ɗaya ba ne, irin wanda kowa ke yi ya wuce. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa ne idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin baƙin ciki ko rashin sha'awar abin da ya saba jin daɗinsa, tare da wasu alamomi: kasala, lalacewar barci, canjin cin abinci, rashin tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, yanke ƙauna, wani lokacin ma har da tunanin gara mutuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya. Ta ce ya fi yawa ga mata, kuma fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu juna biyu da masu jego suna gamuwa da shi. Kin ga ashe ba ke kaɗai ba ce.

Sai kumburi. Duk mun san na fili. In ƙaya ta soke ki, ko maruru ya fito wa yaro, wurin zai yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, ya riƙa zogi. Wannan aikin garkuwar jiki ne. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke ce wa sojojin jiki, su ne suka taru a wurin suna yaƙi da cuta. Sojojin nan kuwa suna da 'yan aike, wasu sinadarai da suke saki cikin jini don su sanar da sauran sassan jiki cewa ana yaƙi. Masana suna kiran su saitokain, kuma ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne wanda ake ce wa IL-6. Idan saƙonsa ya isa hanta, sai ita kuma ta fitar da wani sinadari mai suna CRP. Tun a shekarar 1930 wasu likitoci biyu a Amurka, William Tillett da Thomas Francis, suka gano CRP a jinin masu ciwon huhu. Shi ne yau ake aunawa a ɗakin gwaji don a san ko akwai kumburi a jiki. A jinin mai lafiya ɗan kaɗan ne, yawanci bai kai miligiram 3 a lita ɗaya ba. In cuta mai tsanani ta shiga kuwa yana iya haura 100.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani hali da ya shafe mu yau. Shi ne a ga CRP ya ɗan ɗaga sama da 3, ya tsaya a nan wata da watanni. Babu ja, babu zogi, babu zazzaɓi. Kamar garwashin da toka ta rufe ne, ba harshen wuta, amma in kin sa hannu za ki ji ɗumi. Wannan shi na kira ɓoyayyen kumburi.

To me ya haɗa shi da zuciya? Ki tuna ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ke. Ban da ciwon kai da rawar ɗari, yaya kika ji? Ba kya son magana da kowa. Abincin da kika fi so ya fita ranki. Ko sallama aka yi ba kya son amsawa, ke dai a bar ki ki kwanta. Wa ya ce miki malalaciya a ranar? Babu. Haka akuyar da ba ta da lafiya take raɓewa jikin katanga, ta ƙi dusa, ta ƙi bin 'yan uwanta. A shekarar 1988 wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Benjamin Hart, ya bayyana cewa wannan kwanciya da ƙin ci wani tsari ne da jiki ke bi da gangan, domin ya tara ƙarfinsa wajen yaƙar cuta. Daga baya bincike ya nuna cewa 'yan aiken nan na sojojin jiki su ne ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, ta cikin jini da kuma ta wata doguwar jijiya da ta haɗa kayan ciki da ƙwaƙwalwa, su ce mata: a dakata da komai, a kwanta.

Wannan hikima ce ta Ubangiji, in dai na kwana uku ne ko biyar. Matsalar ita ce idan saƙon ya ƙi yankewa. Idan ya daɗe, yana taɓa sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aiki da su. Akwai wanda ake kira dofamin, shi ne ke sa ki ji ƙwarin gwiwar tashi ki yi abu, ki kuma ji daɗi in kin gama. Kumburi yana rage aikinsa. Shi ya sa mace za ta ga tsintsiya ga ta nan a gabanta, ta san ya kamata ta ɗauka, amma ta ji kamar an ce ta ɗauki dutsen niƙa.

Binciken da zan kawo miki yanzu yawancinsu a Turai da Amurka aka yi su, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne. Tun farkon shekarun 1990 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Beljiyam, Michael Maes, ya fara ba da rahoton cewa alamomin kumburi sun fi yawa a jinin masu ciwon damuwa. Sai dai hujjar da ta fi jan hankalin likitoci daga wani magani ta fito. Sunansa intaferon, shi ma ɗaya ne daga cikin 'yan aiken garkuwar jiki, an sarrafa shi ya zama allura. An daɗe ana yi wa masu ciwon hanta nau'in C da masu wata irin sankarar fata, kafin sababbin ƙwayoyi su maye gurbinsa wajen maganin ciwon hantar daga wajejen 2014. Likitoci suka lura cewa mutanen da hankalinsu ke kwance kafin a fara allurar, da yawansu sai su faɗa ciwon damuwa bayan an fara. A masu ciwon hanta, kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ne.

A shekarar 2001 likitoci a Jami'ar Emory da ke birnin Atlanta suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 40 masu sankarar fata da za a yi wa allurar. Rabi an fara ba su maganin damuwa tun kafin allura, rabi kuma an ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. A rukunin da ba su sami magani ba, kashi 45 cikin ɗari suka kamu da ciwon damuwa. A waɗanda suka samu kuwa, kashi 11 ne kacal. Da aka bi diddigin yadda alamomin suka riƙa bayyana, sai aka ga kasala da rashin cin abinci su ne ke fara zuwa, cikin mako biyun farko, baƙin ciki da fargaba kuma sai daga baya. Wato jiki ne ya fara, zuciya ta biyo.

Amma fa kada mu wuce gona da iri. Ba kowace mai ciwon damuwa ce ke da ɓoyayyen kumburi ba. A shekarar 2019 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka tattara binciken da aka yi a wurare daban-daban, suka ga kimanin kashi 27 cikin ɗari na masu ciwon damuwa ne CRP ɗinsu ya haura 3. Wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Sauran ukun ciwonsu na gaske ne, amma jininsu bai nuna kumburin ba.

Ga kuma abin da na fi so ki riƙe a zancenmu na yau. Kumburin ba ya tafiya da dukkan alamomin ciwon damuwa, yana da waɗanda ya zaɓa. A shekarar 2021 aka buga wani babban nazari da ya haɗa bayanan mutum fiye da 56,000 daga bincike 15. Aka duba alamomin ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka samu suna tafiya da hauhawar CRP su ne: canjin cin abinci, ƙarancin kuzari, matsalar barci, jin cewa komai wahala ne, da rashin sha'awar yin abubuwa. Amma yanke ƙauna daga gobe, da tsoro, da ganin cewa rayuwar mutum ta tashi a banza, waɗannan ba a ga suna bin kumburi ba.

Kin ga darasi biyu ke nan. Na ɗaya, alamomin da aka fi zagin mace a kansu, wato kwanciya da rashin taɓuka aiki, su ne ma suka fi kusa da abin da ake iya aunawa a jini. Jiki magayi. Na biyu, akwai raɗaɗin da babu allurar da za ta zuƙo shi a kai ɗakin gwaji. In an auna jininki an ce lafiya lau, wannan ba ya nufin ƙarya kike yi. Babu gwajin jinin da ke tabbatar da ciwon damuwa ko ya kore shi. Likita yana gane shi ne ta hanyar tambaya da sauraro. Shi CRP mura ma tana ɗaga shi, zazzaɓi yana ɗaga shi, ƙiba da juna biyu suna ɗaga shi. Don haka kada ki tasa maigida gaba a kan sai an biya kuɗin wannan gwaji. Likita ne zai ga ko da buƙata.

Wata za ta ce, to wanne ke jawo wani, kumburin ko damuwar? Hanya ce mai zuwa da dawowa. A yankin Biristol na Ingila an auna jinin yara kimanin 4,500 suna da shekara 9, aka bi su har suka kai 18. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna cewa waɗanda IL-6 ɗinsu ya fi yawa tun suna yara sun fi faɗawa ciwon damuwa da suka girma. A nan kumburi ne ya riga. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɓacin rai mai daɗewa shi ma yana hura wutar. Wata masaniya a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, Janice Kiecolt-Glaser, ta bi tsofaffin da ke jinyar mazansu ko matansu masu ciwon mantuwa har shekara shida. A 2003 ta ba da rahoton cewa IL-6 ɗinsu yana hawa da saurin da ya ninka na waɗanda ba sa jinya kusan sau huɗu. A 2005 kuma ta fitar da wani binciken a kan ma'aurata 42. An yi musu 'yan ƙananan raunuka a hannu da yardarsu, aka sa su tattauna abin da ke haɗa su faɗa. Waɗanda ke yi wa juna magana da gatsali da wulaƙanci, raunukansu sun fi jinkirin warkewa, kuma washegari alamomin kumburi sun fi yawa a jininsu. Ashe baƙar magana ba a kunne kaɗai take tsayawa ba. Wannan kuwa ya shafi miji da mata, ya shafi abokan zama, ya shafi uwar miji da suruka.

Ban da ɓacin rai, me ke kunna wannan garwashi? Akwai kitsen ciki, domin shi kansa kitsen yana fitar da IL-6. Akwai ciwon sukari, da ciwon gaɓɓai mai kumbura yatsu, da ciwon sikila. Akwai cututtukan da ke daɗewa a jiki, kamar tarin fuka da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai ciwon dasashi, wanda za ki ga jini duk lokacin da kika yi asuwaki. Akwai rashin isasshen barci, da hayaƙin taba, da hayaƙin icen da muke shaƙa kullum a madafar da ba ta da taga. Mai jego kuma da ke jin zazzaɓi, ko ciwon mara, ko fitar ruwa mai wari, wannan alamar cuta ce ta shiga, ba abin jira ba ne.

Yanzu na san abin da wata ke rayawa: tunda kumburi ne, bari in aiki yaro kemis ya sayo mini maganin kumburi. Don Allah 'yar uwa kada ki fara. A shekarar 2013 likitocin Jami'ar Emory sun gwada wata allura mai ƙarfi ta kashe kumburi, mai suna infliximab, a kan mutum 60 da ciwon damuwarsu ya ƙi jin magani. Da aka duba su gaba ɗaya, allurar ba ta fi ruwan gishiri amfani ba. Waɗanda CRP ɗinsu ya haura 5 ne kawai aka ga alamar sun samu sauƙi. Har yau maganin kumburi bai zama maganin da ake rubuta wa mai ciwon damuwa ba. Su kuwa irin su ibuprofen da diclofenac, yawan shan su yana jawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda, kuma yana da haɗari ga mai juna biyu. Haka dexamethasone, wanda wasu ke sha don su yi ƙiba: yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, shi kansa ma yana iya birkita tunani. Garin neman gira kada a rasa ido.

To me za ki yi? In kin kai mako biyu a wannan hali, ki nemi izinin maigida ki je asibiti. In bakinki ya yi nauyi, ki sa yayarki ko gwaggonki ko wata babba da yake jin nauyinta ta yi masa magana. In kin shiga wurin likita, ki faɗi ɓangare biyun. Yawancinmu jiki kawai muke faɗa: kaina na ciwo, jikina ya mutu, ba na barci. Sai a rubuta maganin zazzaɓi a sallame mu. Ki ƙara da cewa: ina yawan kuka, ba abin da ke ba ni sha'awa, na kai wata kaza a haka. Ta haka likita zai duba ko akwai ƙarancin jini, ko sukari, ko matsalar maƙoƙo, ko wata cuta da ta ɓuya, domin duk suna kawo kasala, sannan ya duba damuwar ita kanta. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Ciwon damuwa yana da magani, na sha da kuma na zama da ƙwararre a tattauna. Ƙwayoyin sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokacin fiye, kafin a fara jin amfaninsu, don haka kada ki yar da su a kwana na biyar, kada kuma ki daina kwatsam ba da sanin likita ba. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa masa, akwai waɗanda suka dace da ke. Ki riƙe addu'arki da azkar ɗinki, neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. In kuwa har tunanin cutar da kanki ko jaririnki ya zo miki, wannan ba a kwana da shi. Ki faɗa wa wani a ranar, a kai ki asibiti a ranar.

Akwai kuma abin da za ki iya ba tare da kin taka ƙofar gida ba. Motsa jiki yana rage damuwa, wannan bincike da yawa ya tabbatar. Ki fara da zagaya tsakar gida na minti goma da safe, kina ƙarawa a hankali har ki kai rabin awa. Ki fito da murhu fili, ko ki sa a buɗe wa madafa taga. Ki kwana cikin gidan sauro. Ki kula da haƙoranki. Ki rage lemon kwalba da yawan sukari, ki ƙara zogale da alayyafo da wake da kifi gwargwadon hali. Ki ajiye waya in dare ya yi. Kada kuma ki yanke zumunci. In maƙwabciya ta leƙo ki bar ta ta zauna, in akwai halin zuwa Islamiyya ki je, ko da ranki ba ya so.

Maigida, na san wani lokacin kana zaure kana jin mu. Mai ɗakinka da ta kwanta ba raina ka ta yi ba. Ka tambaye ta da taushin murya, ka ba ta izini da kuɗin mota, in da hali ka raka ta. Iyayenmu surukai, Allah Ya ƙara girma, a sassauta harshe. Ke kuma abokiyar zama, in kin karɓar mata girki yau, ba ki san ranar da za ta karɓar miki ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya yaye mana damuwar da muka bayyana da wadda muka ɓoye. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida yara, a gaida maigida. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.